Furen Rana a Saman Ɗakin Yaya

Abin da zan ba ku labarinsa ya faru ne a shekarar da aka malale lungunmu na Koki da siminti, aka yi mana kwata mai murfi. Manyanku za su tuna, domin sai da muka yi kusan sati uku muna shiga gida ta kan katako, kuma tun simintin bai gama bushewa ba akuyar maƙwabta ta bi ta kai, har yau sawunta yana nan a ƙofar gidanmu. A daminar shekarar ne ɗakin Yaya Abu ya rufta. Na san abin da aka gaya muku: ɗaki ne ya tsufa, ruwa kuma ya yi yawa. Ita kanta Yayar haka take faɗa wa duk wanda ya tambaye ta. Akwai gaskiya a cikin maganar, amma ba ita ke nan ba, kuma tunda Allah ya sa yanzu ina iya riƙe biro, gara ku ji sauran daga hannuna.

Ina da shekara arba'in da bakwai a lokacin. Sana'ata ita ce wadda kuka tashi kuka same ni a kai, wankin hula. Na yi karatun allo gwargwadon hali, amma boko ban taɓa shiga ba, don haka da zare nake gane hular kowa: ja na Alhaji wane, shuɗi mai ƙulli biyu na ɗansa. A farkon shekarar na shiga ajin manya da Malam Sabi'u yake koyarwa a wani soro a Madabo, bayan la'asar, sau uku a sati. Tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, siriri, ba ya ɗaga murya. Mu goma sha biyu ne, akwai mahauci, akwai teloli biyu, akwai direba. Mun yi wata huɗu muna kwafar abin da ya rubuta a allo, har hannunmu ya ɗan saba. Ran nan cikin bazara sai ya zo da wata leda, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana zuba wa kowa wasu 'ya'ya a tafin hannu, baƙaƙe masu fararen zane, tsawonsu kamar 'ya'yan kabewa.

"Wannan irin furen rana ne," in ji shi. "Kowa ya je ya shuka. Ba manoma nake so ku zama ba. Kullum ka duba shi, ka rubuto mini layi ɗaya na abin da ka gani. Na gaji da karanta rubutuna a littattafanku, naku nake so in karanta. Wanda kuma ya rubuta abin da bai gani ba, zan gane."

Mahaucin namu ya jujjuya nasa a hannu ya ce, "Malam, yana shiga tukunya?"

"Ana cin 'ya'yan, ana kuma matse mai daga cikinsu."

"To ni a ba ni man kawai, a bar wa Nasidi wahalar. Shi ne mai haƙurin jira hula ta bushe."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Haka aka san ni tun ina yaro, mai haƙuri, kuma ina jin daɗin sunan.

Guda goma sha biyu aka ba ni. Ban taɓa shuka komai ba a rayuwata, ko barkono. Mu 'yan cikin birni ne tun kakanni, gona a baki kawai muke jin ta. Tsakar gidanmu kuwa tun zamanin Baba aka daɓe ta da siminti, ga ta ƙunci, katangu sun kewaye ta, rana ba ta sauka ciki sai wajen azahar, ta ɗan taɓa ta wuce. Na samu gwangwanayen madara na cika da ƙasa, na tura iri uku can ƙasa kamar mai ɓoye dukiya, na riƙa ba su ruwa safe, rana da yamma. Bayan kwana goma da na tona sai na tarar sun ruɓe. Malam Sabi'u ya kama ɗan yatsana ya nuna mini gaɓar farko, ya ce iyakar zurfin ke nan, kuma in huda ƙasan abin shukar don ruwa ya riƙa fita. Na sake gwada biyu. Suka fito, amma sirara, farare fat, suna ta miƙa wuya wajen da haske yake har suka kwanta. Kajin mahaifiyarku suka ƙarasa su. Duk wannan ban rubuta ko layi ɗaya ba, kunya ta hana ni. Saura bakwai a aljihuna, na kuma gane cewa ba ruwa shukar nan take nema a wajena ba, rana take nema.

Wuri ɗaya ne a gidan nan rana take yini, saman ɗakin Yaya Abu. Ku ƙananan ba ku san ɗakin ba, bari in faɗa muku yadda yake. Shi ne ɗaki mafi tsufa a gidan, kakanmu ya gina shi, Inna ta zauna a ciki shekara hamsin, a ciki aka haife mu duka. Sauran ɗakunan an daɗe da buga musu kwano, shi kaɗai ya rage da rufin ƙasa a kan azara. Da zafi yana da sanyi kamar randa, da sanyi kuma yana riƙe ɗumi. Yaya Abu ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, ita ta goya ni. Da mijinta ya rasu ta gama takaba, ɗanta Habu ya yi juyin duniya ta koma gidansa da ke can wajen ganuwa, ta ƙi. Ta ce a ɗakin da ta fara numfashi take so ta yi na ƙarshe. Shekararta huɗu ke nan a ciki, da gadon Inna, da jeren kwanukanta, da adakar kayanta.

Rufin ƙasa yana da haƙƙi a kan masu shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, Malam Uba magini yana zuwa ya hau, ya cire ciyawar da ta fito, ya toshe tsagewa, ya yi sabon yaɓe, ya buɗe indararo don ruwa ya samu hanya. Tun Inna tana da rai shi yake yi, kuma ba a taɓa tsallake shekara ba. Na san wannan sarai. Da na je neman izini wajen Yaya, tana zaune a bakin ƙofa tana gyaran zogale.

"Kai da gidanku kake neman izini?" ta ce. "Hau mana. Amma ka san Uba yana tafe."

"Kafin ya zo na sauke su, Yaya. A buhu zan shuka, ɗauka kawai zan yi."

"To Allah ya ba da sa'a, manomi."

Masu aikin lungu sun bar buhunan siminti birjik, na tsinci bakwai masu kyau na wanke. Na je wajen masu lambu ta bayan Ƙofar Ɗan Agundi na samo baƙar ƙasa, na gauraya ta da tsohon kashin awaki. Na huda ƙasan kowane buhu kamar yadda aka koya mini, na hau da su ɗaya bayan ɗaya ta tsani, na jera su a tsakiyar rufin. Ban sa komai a ƙarƙashinsu ba, ko bulo ko katako. Tunanin hakan bai ma zo mini ba.

Kun san a cikin birni namiji ba ya hawa sama haka kawai, domin daga can tsakar gida huɗu kake gani. Sai an sanar. Mahaifiyarku Hajara ita na ɗora wa aikin, safe da yamma ta tsaya jikin katanga ta ɗaga murya, "A gafarce mu, maigida zai hau sama." Da farko ana amsawa da "to, ba komai." Da aka yi sati biyu sai na ji matar maƙwabcinmu ta gabas tana cewa, "Hajara, ki gaya masa mun gaji da neman mayafi saboda ciyawa. Ko dai ya tare a can ne mu huta?" Na koyi hawa kaina a sunkuye, in zuba ruwa, in duba, in sauko.

A kwana na shida na tarar ƙasar buhu ɗaya ta tsage, wani abu kore ya turo kai, da ɓawon irin a kansa kamar ya sa hula. Na sauko na ɗauki littafi, na yi kusan rabin awa kafin na rubuta, "Yau ya fito. Ganye biyu." Wannan shi ne abu na farko da na taɓa rubutawa wanda ba wani ne ya faɗa mini ba. Ba zan iya bayyana muku yadda na ji ba, amma ku tuna shekara talatin na yi ina gyara abin da wasu suka ɗinka, in mayar wa wasu su sa. Wannan kuwa da hannuna na fara shi, da hannuna kuma nake ba da labarinsa. Duka bakwai ɗin suka fito. Karansu ya yi kauri, mai gashi-gashi, ganyen ya yi faɗi kamar tafin hannu, daga baya ya fi tafin hannu. Na lura da safe kawunansu suna kallon wajen fitowar rana, da yamma kuma in tarar sun juya. Kwana uku na yi ina tabbatarwa kafin na rubuta, don kada Malam ya ce na ƙirƙira. Layina ɗaya ya zama biyu, ya zama huɗu. 'Yan ajinmu kuwa ɗaya bayan ɗaya nasu ya mutu, na wani akuya, na wani mantuwa. Malam Sabi'u ya fara karanta nawa a gaban aji, yana gyara mini inda na haɗe kalmomi, ni kuma ina sunkuyar da kai kamar ba na so.

Shukokin sun kai ƙuguna lokacin da Malam Uba ya zo. Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Muka hau tare, shi a gaba, tsoho amma ya fi ni sauri a tsani. Ya tsaya ya kalli buhunan ya kalle ni.

"Nasidi, gona ka yi a kan ɗakin Inna?"

"Yanzu zan kawar da su, Baba Uba."

Na kama buhun farko na ɗaga, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, na ji wani abu yana tsinkewa a ƙasa, na saki. Malam Uba ya durƙusa ya ɗaga gefen buhun ya leƙa, ya kira ni in gani. Fararen saiwoyi ne suka bi ta hudar da na yi, suka shige cikin rufin. Duka bakwai ɗin haka suke. Wajen da suke zaune ya yi laushi, yatsa yana shiga.

"Shi tsiro bai san ɗaki ba ne," in ji shi. "Ƙasa ya ji, ya shiga. Wata ɗaya da rabi kana jiƙa wuri guda safe da yamma. Kowace saiwa da ka gani a nan hanya ce ka buɗe wa ruwa. Ka sare su yau, in tona wurin in cike, gobe in yi yaɓe."

"Saura sati uku su yi fure. A yi mini haƙuri zuwa lokacin."

"Ni zan yi maka haƙuri. Ka je ka roƙi hadarin."

"To a yaɓe gefe-gefen, a bar tsakiyar."

"Ba na yaɓe rabin rufi. In ya zuba sunana za a kira. Kuma in damina ta zauna, ko ka kira ni ba abin da zan iya, yaɓe ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Gidaje takwas ke jirana."

Ya buɗe indararon da sandarsa, ya sauka, ya leƙa ya gaida Yaya, ya tafi. Ni na daɗe a sama. Wuƙa tana aljihuna, aikin minti biyar ne. Na kalli kan mafi tsayinsu, na ga ganyen tsakiya sun fara dunƙulewa wuri guda, alamar abin da nake jira ya kusa. Na ce a raina ɗakin da ya yi shekara tamanin ba sati uku ne zai kayar da shi ba. Da na sauko Yaya ta tambaye ni yadda muka yi.

"Ya ce zai dawo," na ce.

Ta dube ni ta ce, "To." Wannan amsa tawa ita ce ƙaryar da nake so ku sani. Kalma huɗu ce, kuma ban taɓa yi mata wata ba kafin ita.

Ruwa ya sauka ya zauna. Na daina hawa da bokiti, sama tana yi mini aikin. Shukar ta ji daɗi, ta wuce tsayina, har daga tsakar gida ana hango kawunanta. Na sayo babbar leda na shimfiɗa a rufin, na yanka ta daidai kowane buhu, ina ganin na yi dabara. Ashe ruwan taruwa yake a kan ledar ya gangara ya bi ta yankan, daidai inda saiwoyin suke. Wata safiya Hajara ta tare ni ina shirin fita.

"Ka leƙa ɗakin Yaya kuwa?"

"Lafiya?"

"Kwana uku ke nan da ta ari robar wankina. Jiya ta ƙara da langa. Ba za ta gaya maka ba, ka san ta."

Na shiga da sallama. Ta jawo gadon gefe, robar tana tsakiyar ɗaki, ɗigo yana faɗawa ciki a hankali. A sama, tsakanin azara biyu, ƙasar ta yi baƙi ta ɗan kumbura. Yaya tana kan darduma da carbi.

"Ɗakin ya fara zuba, Nasidi," ta ce.

"Kwana goma, Yaya. Da sun buɗe zan sare su. Ko ki koma ɗakin Hajara kafin nan."

"Ina nan. Kwana goma ai kamar gobe ne."

A kwana na takwas na farko ya buɗe. Da yamma na bar shi a dunƙule, kore, da ɗan ruwan ɗorawa yana leƙowa ta baki. Da hantsi na tarar da shi a buɗe, faɗinsa ya kai faifai, gefen ruwan ɗorawa mai haske, tsakiyar baƙi-baƙi an jera ƙananan abubuwa a zagaye kamar aikin hular da mai ɗinki ya yi wata shida a kanta. Ƙudan zuma har sun riga ni zuwa, ban san ta ina suka ji labari a tsakiyar Koki ba. Na sauko na kamo hannun Yaya na kai ta lungun rijiya, inda ake hango saman ɗakin. Ta kare ido da hannu ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah. Wannan ne ya fito daga ɗan abin nan?" Sannan ta ce, "Ga shi kuwa ya fuskanci gabas ya tsaya. Ya fi wasu mutanen da na sani."

Har matar maƙwabcinmu ta aiko a ce mini ta gani, ta yafe mayafin. Yaya ta koma ta zauna, ta ce, "To ka ga abinka ai. Sai a huta ko?"

A nan ne ya kamata labarin ya ƙare, kuma da na cika alkawari wataƙila da ɗakin yana nan, ko da an sha wahalar gyara. Amma a satin Malam Sabi'u ya ce a aji, tunda nawa kaɗai ya rayu, in bari irin ya nuna in kawo a raba wa sababbin ɗalibai na baɗi. Ya ce sati huɗu ko biyar ne, sai bayan furen ya koma ruwan ƙasa ya sunkuyar da kai. Kada ku ga laifinsa, bai san a ina na shuka ba, domin ban taɓa rubutawa ba. Na ji daɗin maganar fiye da yadda zan iya faɗa: wasu dattawa irina za su fara rubutu da irin da ya fito daga hannuna. Na dawo na ce wa Yaya saura kaɗan iri ya nuna. Ta ce to. Hajara ta ce mini a ɗaki, "Wannan ba haƙuri ba ne kake yi, da ɗakin wata kake yin sa." Na ce mata ta bar maganar, ta bari.

Ranar wata Alhamis ruwa ya fara tun hantsi, ba da iska ba, ba da tsawa ba, zuba kawai yake yi. Ina soron gida ina goge hulunan da suka ƙi bushewa. Bayan azahar na ji wata ƙara, ba mai ƙarfi sosai ba, kamar an jefar da buhun hatsi daga kan mota, sai ƙarar kwanuka ta biyo. Na shiga da gudu. Yaya tana tsaye a tsakar gida cikin ruwa, riƙe da robar da ta fito zubarwa. Robar ta cika, shi ya fito da ita. Ta ƙofar ɗakin ina ganin haske inda bai kamata a ga haske ba. Azara ta karye a tsakiya, rufin ya zubo gaba ɗaya, laka ta binne gado da adaka, furannin suna kwance a kai da buhunansu, har lokacin launinsu bai dusashe ba. Yaya ta yi salati. Ta ajiye robar a hankali ta ce, "Hajara, ara mini busasshen zani."

Kafin la'asar gida ya cika. Habu ya zo a mota, Malam Uba ya zo da sandarsa. Habu ya shiga cikin lakar ya ɗago buhu ɗaya da saiwoyinsa da guntun rufi manne a jiki, ya juyo wajen maginin.

"Baba Uba, bana an yi wa ɗakin nan yaɓe kuwa?"

Kafin tsohon ya buɗe baki Yaya ta ce, "Habu, ajiye wannan ka zo ka ɗauki abin da ya saura. Ɗaki ne ya tsufa. Ya girmi uwarka, me kake so ya yi?"

Malam Uba ya dube ni. Ya ba ni lokaci, na san ya ba ni. Na kalli ƙasa. Kafin magariba Habu ya tafi da Yaya, da kaya ƙulli ɗaya.

Bayan damina na sake gina wurin da bulo da kwano, shi ne ɗakin da ku mazan kuke kwana yanzu. Da aka gama na je gidan Habu in ɗauko ta. Na same ta a ɗaki mai fanka da tayil, tana zaune a ƙasa a gefen katifa. Bayan mun gaisa na faɗi abin da na yi wata huɗu ina juyawa.

"Yaya, ranar nan Baba Uba bai ce zai dawo ba."

"Na sani. Ina cikin ɗakin kuna sama, kana zaton rufin ƙasa kurma ne?"

"To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Tunda na goya ka ban taɓa ganin ka yi saurin tashi don wani abu naka ba. Kullum na mutane. Sai na ji ka kana hawa tsani kamar ɗan shekara ashirin. Na ce bari in ga ƙarshen abin nan. Ni ma da nawa laifin, bakina ai ba a ɗinke yake ba." Ta gyara mayafinta. "Na yafe maka tun ranar. Kada ka sake tayar da maganar, kada kuma Habu ya ji."

Ta biyo ni ta ga sabon ɗakin. Ta shafa bango, ta ɗaga kai ta kalli silin, ta ce ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Ta ci abinci, ta yi la'asar, ta ce a kira mata mai adaidaita. Na ce ai ɗakin nata ne, don ita na gina. Ta ce, "Na sani, Nasidi. Amma ba shi ba ne."

Habu ya ji daga bakina bara, da izininta, bayan na daɗe ina roƙo. Ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau, sannan ya sauko. Littafin da na yi rubutun yana cikin akwatina, wanda yake so ya duba. Akwai rubutun kwana tamanin da huɗu a ciki, tsayin kara, yawan ganye, ranar da tsutsa ta ci ganye uku, ranar da zuma ta zo. Babu layi ɗaya a kan robar da ke tsakiyar ɗakin Yaya, alhali kullum sai na wuce ta ƙofarsa kafin in kai ga tsani. Mutane har gobe suna kirana mai haƙuri, ba na musu, amma na san akwai jiran da wani ne yake ɗaukar nauyinsa, kuma mai yin sa ba ya jin komai a kafaɗarsa, shi ya sa yake ganin yana da sauƙi. Ban daina shuka ba. Ina yi a rabin duro, a ƙasa, a ƙofar shago, suna fitowa daidai gwargwado.

Ga abin da aka rasa, kamar yadda na tsaya na gani da aka kwashe lakar. Ɗaki ɗaya da kakanmu ya gina. Gadon Inna, ya karye gida uku. Kwanukan jere goma sha huɗu, biyar kawai suka gyaru. Adaka da abin da ke cikinta, har da hoton mijin Yaya guda ɗaya da take da shi, ruwa ya cinye fuskar. Fure bakwai, ba wanda irinsa ya nuna, ban kai wa aji ko ƙwaya ɗaya ba. Sai Yaya Abu, tana nan da ranta, tana zuwa mana suna da biki da ranar Sallah, ta zauna a tsakar gida ta yi wasa da ku. Shekara shida ke nan ba ta ƙara kwana a gidan ubanta ba.